Bulo Sittin a Buhu Ɗaya

Tun kafin a sauke Baba Magini daga mota ya ga abin da bai yi masa ba. Gidaje goma sha biyu ne a jere, fentinsu iri ɗaya, ƙyaurensu iri ɗaya. Na farkon, mai lamba ɗaya, shi ne wanda babban ɗansa ya ce ya gina masa don ya huta da zaman haya.

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana gini, kafin shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa hagunsa. Yanzu da sanda yake tafiya yana jan ƙafa, amma idonsa da bakinsa garau suke. Autarsa, malamar firamare ce, ita ke zaune da shi tana kula da shi. Babban ɗan kuwa ɗan kwangila ne. Kowa Injiniya yake ce masa, duk da ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba.

Suna shiga falo, Baba ya jingina sandarsa, ya ƙwanƙwasa bango da gaɓar yatsa. Ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa. Ya kasa kunne kamar likita a ƙirjin majinyaci.

“Kai, bulo nawa kuka fitar a buhun siminti?”

Injiniya ya yi dariya. “Haba Baba, ko zama ba ka yi ba za ka fara aikin duba-gari?”

“Tambayarka na yi.”

“Zamani ya canja, Baba. Yanzu inji ke bugawa. Sittin ma yana fitarwa, kuma da ƙarfinsa.”

“Mu talatin da biyar muke fitarwa, mu ba shi ruwa kwana bakwai. Injin naka siminti yake haihuwa?”

Injiniya ya juya. Ya nuna wata takarda da aka sa a gilashi aka rataye a saman ƙofa. “Ga shaidar hukuma nan. Mai duba gini ya zo, ya gani, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ni dai abin da nake nema albarka ce.”

“Allah ya yi maka albarka,” in ji Baba. “Amma bangon nan ba shi da lafiya.”

Ba a yi wata ɗaya ba ƙyauren ɗakin Baba ya daina rufuwa. Sai an ɗaga shi, an doka masa kafaɗa. A banɗaki kuma, in aka zuba ruwa, maimakon ya bi magudana sai ya nufo ƙofa, ya kwanta a bakinta kamar mai jiran wani. Kullum da safe kafin Auta ta tafi makaranta sai ta bi shi da tsintsiya tana kora. Tayil uku na ƙasan suna motsi in an taka.

Ta kira yayanta a waya.

“Sabon gini ne, Auta, zama yake yi,” ya ce. “Ki ba shi lokaci.”

“Yaya, ruwan banɗakin ma zaman yake yi?”

“Ke dai kin cika baki. Zan turo mai gyara.”

Ba wanda ya zo. Sai ruwan sama ya sauka.

Ruwan farko da aka yi, da tsakar rana, Auta ta dawo ta tarar da Baba a tsakiyar gado ya ɗora bokiti a cinyarsa, ruwa na ɗiga a ciki daga silin. Bayan kwana uku danshi ya taso daga ƙasan bango har tsayin gwiwa. Fentin ya yi bororo, ya fara ɓarewa. Baƙar fumfuna ta bi bayan gado da cikin durowar kaya. Rigunan Baba suka ɗauki wani wari da wanki ba ya fitarwa. Wata safiya Auta ta kai hannu za ta kunna fitilar kicin, wuta ta fizge ta har ta zubar da tukunyar da ke hannunta.

Baba ya fara tari. Da farko na safe ne kawai, daga baya ya zama na yini.

Wannan karon Injiniya ya turo mutum, amma mai fenti ne. Ya zo da bokiti biyu da buroshi, ya fara shafe baƙin da ke bangon.

“Ɗana, ka san abin da kake yi ba gyara ba ne?” Baba ya tambaye shi daga kan gado.

Mai fentin bai juyo ba. “Na sani, Baba. Ruwan daga tushe yake tasowa, ba a sa leda a ƙasa ba. Amma ni fenti aka ce in yi.”

Kwana goma fentin ya yi, baƙin ya sake ɓullowa. A kusurwar ɗakin kuma wata tsaga ta buɗe, ta taso daga saman taga ta nufi silin. Baba ya sa Auta ta ja layi da biro a ƙarshenta. Bayan mako guda tsagar ta wuce layin da tsayin yatsa.

Auta ta nemi izini a makaranta, ta tafi ofishin masu duba gini. Ta yi zaman awa biyu a kan benci kafin a shigar da ita wajen wanda ya sa hannu a takardar. Mutum ne mai fara'a, teburinsa cike da fayil har ba a ganin katakon. Ta nuna masa hotunan bangon a wayarta.

“Malama, na duba gidajen nan da kaina,” ya ce.

“Ka shiga ciki?”

Ya gyara zama. “Na je wurin. Rannan gidaje talatin ke gabana, mota ɗaya ce da mu a ofishin nan, ita ma rabin wata ba mai. Amma bulon da aka kawo mana mun gwada shi, ya ci jarrabawa.”

“Wa ya kawo muku?”

“Ɗan kwangilar mana. Haka ake yi.” Ya ɗan sassauta murya. “Kuma ba yayanki ba ne? Wannan ai maganar gida ce. Ku zauna ku daidaita.”

Da ta koma ta faɗa wa Baba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Guda biyar ake bugawa na kirki a ajiye gefe,” ya ce bayan ya sha ruwa. “Su ake kai wa gwaji. Sauran dubban kuma su ake gina wa mutane. An taɓa kawo min wannan dabarar, na tattara kayan aikina na bar wurin. Yayanki yana nan a gabana rannan, shi ya ɗauko min jakata.”

Labarin zuwa ofis ya kai kunnen Gwaggo, ƙanwar Baba. Washegari sai ga ta, ko mayafi ba ta ajiye ba ta fara.

“Auta, ƙarar yayanki kika kai? Ciki ɗaya kuka fito fa! Yaron nan ya ɗauke ku daga gidan haya, ya sa ku a gidan kanku, sakayyar ke nan?”

“Gwaggo, ki shiga ɗakin Baba ki shaƙi iskar.”

“Wane gida ne ba ya yoyo? Ni nawa ma yana yi. Kai kuma Yaya, wasu 'ya'yansu ko gaisuwa ba sa zuwa yi musu. Ka rufa wa ɗanka asiri. Yanzu yake tasowa, maƙiya sun sa masa ido.”

“Ba asirinsa nake son tonawa ba,” in ji Baba. “So nake ya zo ya fasa ƙasan banɗakin nan ya sake shi. Aikin kwana biyu ne.”

“Zai yi. Ka yi haƙuri. Abubuwa ne suka yi masa yawa.”

Haƙurin bai kai mako uku ba. Wata Talata, Auta ta kore ruwan banɗaki kamar kullum, ta ajiye wa Baba shayinsa da maganinsa, ta tafi makaranta. Ba ta san bututun da ke cikin bango ya fara tsiyaya ba. Da hantsi Baba ya tashi zai kewaya. Ruwa ya sake taruwa a bakin ƙofar. Ya dafa sandarsa a kan tayil, tayil ɗin ya goce gaba ɗayansa, sanda ta tafi, shi ma ya bi ta.

Ya ji ƙarar ƙashin da kunnensa. Ya yi kira, amma gida mai lamba biyu ba kowa a ciki, masu lamba uku kuma sun fita aiki. Awa huɗu ya yi kwance a cikin ruwan sanyi, rabin jikinsa a banɗaki, rabi a waje. Haka Auta ta same shi, leɓɓansa sun yi fari, yana karkarwa.

“Kar ki ɗaga ni,” ya ce mata a hankali. “Ƙugun ya tafi. Nemo mutane.”

A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma da shekarunsa da ciwon da ke jikinsa, da wuya ya sake takawa. Ga shi sanyi ya kama masa huhu. Injiniya ya iso da yamma, da ledar lemo a hannu. A barandar asibitin ya tare ƙanwarsa.

“Ya za a yi ki bar tsoho shi kaɗai a gida?”

Auta ta dube shi tun daga sama har ƙasa. “Maimaita.”

“Ai da kina nan da hakan ba ta faru ba.”

“Sau goma sha ɗaya na kira ka a kan banɗakin nan, Yaya. Ga wayata, ka ƙirga. Ni ce na ɗora tayil a kan yashi? Ni ce na karkatar da ƙasan?”

“Ki rage murya, mutane na kallo.”

“Su kalla.”

Gwaggo ta shiga tsakaninsu. “Tsautsayi ne. Abin da Allah ya rubuta ne. Ko a kan katifa yake, in ranar ta zo sai ya karye.”

Bayan kwana ashirin aka sallamo Baba a keken guragu. Ya rame, wuyansa ya zama kamar na yaro. Suka tarar an sake yi wa gidan fenti ciki da waje. An manne tayil ɗin da ya goce. An turo durowa an rufe tsagar kusurwa, an rataye sababbin labule. Auta ta fara murna, ta zaci yayanta ya ji kunya. Da ta zuba ruwa a banɗaki, ya nufo ƙofa kamar da.

Da yamma Injiniya ya zo ya durƙusa a gefen gadon.

“Baba, ranar Asabar wasu ma'aikatan jinya za su zo. Ƙungiya ce da su, suna so su ɗauki gidaje takwas da suka rage. Na ce musu mahaifina ma a nan yake zaune, kuma tsohon magini ne. Za su shigo su gaishe ka. Ba sai ka ce komai ba, ka dai sa albarka.”

Baba ya dube shi. “Shi ya sa ka ba ni mai lamba ɗaya, na bakin hanya?”

“Haba Baba.”

“To. Allah ya kai mu Asabar.”

Ranar Asabar Baba ya sa Auta ta yi masa aski, ta sa masa farar riga, ta tura shi falo. Baƙin suka zo su tara, mata shida maza uku. Suka cire takalma, suka gaishe shi da ladabi. Shugabarsu, wata dattijuwar nas mai tabarau, ta ce, “Baba, mun ji kai ne tushen wannan aiki. Mun ce gidan da ɗa ya sa mahaifinsa a ciki, ai ba sai an yi tambaya ba.”

Injiniya na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi.

“'Yata, kina da makulli a jakarki?” Baba ya tambaya.

Ta yi mamaki, amma ta ciro.

“Je ki bangon can, ƙasan taga. Karce shi. Kar ki ji tsoro, gidana ne.”

“Baba ya gaji,” in ji Injiniya da sauri. “Magungunan da yake sha suna ɗan ruɗa shi.”

“Su ma'aikatan asibiti ne, sun san ruɗaɗɗe in sun gan shi. Karce, 'yata.”

Nas ɗin ta sa makulli. Fentin ya ɓare, makullin ya shige kamar a cikin burodi. Yashi ya zubo a kan tayil, ya yi 'yar tsibi. Ta sake turawa, makullin ya nutse har rabi.

“Auta, kai maza biyu su ture durowar ɗakina. In sun gama ki zuba musu bokitin ruwa a banɗaki su ga inda yake zuwa.”

Suka je, suka dawo. Ɗaya daga cikinsu ƙafar wandonsa a jiƙe.

“A wannan ruwan na kwanta awa huɗu,” in ji Baba. “Da ƙafata na shigo gidan nan. Wannan ɗana ne, ni na haife shi, ina kuma sonsa. Ni na koya masa riƙe cokalin gini. Amma ban koya masa wannan ba. Duk wanda ke da tsoho ko jariri a cikinku, kar ya kawo shi nan. Wanda ba shi da su ma, kar ya zo.”

Nas ɗin ta kakkaɓe makullinta, ta mayar jaka. “Mun gode, Baba. Allah ya ƙara sauƙi.” Ta wuce ta gaban Injiniya ba ta dube shi ba, sauran suka bi ta.

Motarsu na tashi Injiniya ya dawo falo.

“Ka kashe ni, Baba! Wata shida ina bin mutanen nan! A gaban baƙi ka tozarta ni?”

“Kai ka gayyato su.”

“To tunda gidan bai yi muku ba, ku tattara ku koma inda kuka fito!”

Auta ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya.

“Ba inda za ni. In kana so in fita, ka zo da rana tsaka ka ɗauke ni da hannunka, ka ajiye ni a titi, mutane su gani. Ka kawo ni nan don in zama talla. To na karɓi aikin.”

Daga ranar, kullum kafin Auta ta tafi makaranta sai ta tura kekensa ƙofar gida, ƙarƙashin inuwar katanga, ta ajiye masa ruwa da magani da lema. Matar gida mai lamba huɗu, wadda ke yini a gida da jaririnta, ita ke leƙa shi. Duk wanda ya tsaya karanta allon sayar da gidajen, Baba zai yi masa sallama, ya ce ya matso. Ba ya zagi, ba ya ƙari. Abin da ke akwai yake faɗa, ya ce a shiga a gani.

Gwaggo ta daina zuwa. Ta aiko a faɗa masa cewa dangi duk sun ce tsufa ya taɓa masa kai, Auta ce kuma ke zuga shi. Aka daina gayyatar Auta taron dangi. Wasu suka kira ta suna cewa ta ji tsoron Allah. Cikin masu kiran ba wanda ya taɓa zuwa ya juya Baba a kan gado, ko ya wanke masa zanin da danshi ya ɓata.

Amma maƙwabta sun zo. Mai lamba uku ya ce silin ɗin ɗakin yaransa ya yi ciki. Mai lamba biyar ya ce masansa na dawowa ta cikin kicin. Da can kowa na ɓoye nasa, yana jin kunyar a ce an cuce shi. Auta ta rubuta duka a takarda, kowa ya sa hannu, ta kai ofishin ta ce ba za ta tashi ba sai an buga mata shaidar karɓa. Aka buga. Bayan mako biyar aka zo aka cire bulo uku daga katangar gida mai lamba bakwai don a gwada. Ɗaya bai kai mota ba, a hannun mai ɗaukarsa ya rabe biyu. Aka liƙa takarda a kan allon, an dakatar da sayarwa.

Wannan bai mayar wa Baba ƙafarsa ba. Tarin ma bai bar shi ba. Mai duba ginin yana nan a kujerarsa, an ce an ja masa kunne. A cikin dangi kuwa har yau ba wanda ya ce an yi wa tsohon nan laifi. Tsautsayi suke cewa. A wurinsu, wanda ya rage siminti bai yi abin kunya ba, wanda ya faɗa shi ya yi.

Wata safiya, Auta na gyara wa Baba bargo a ƙofar gida, motar Injiniya ta tsaya. Ya fito shi kaɗai. Ya rame, rigarsa ba guga. Ya zo ya tsuguna a gaban keken, ya gaishe da mahaifinsa.

“Baba, me kake so in yi?”

“Ka fasa ƙasan banɗakunan nan, duka goma sha biyun. Ka tone gefen tushe ka tare ruwan. Ka sake wayoyin wuta. Bangon da ya tsage ka rushe shi, ka sake da bulon kirki. Ni zan zauna a wurin kwaɓin, ba shebur ɗin da zai shiga ban gani ba.”

“Na gidanka dai zan iya. Gobe ma sai a fara.”

“Nawa ne na ƙarshe. Ka fara da mai lamba huɗu, akwai jariri.”

Injiniya ya dafe kai. “Wallahi Baba, in na yi wannan duka, karyewa zan yi.”

Baba ya dubi ƙafafunsa da ke cikin bargo, sannan ya dubi ɗansa.

“Ni ma na karye,” ya ce. “Ga ni nan, ban mutu ba.”

Injiniya ya miƙe, ya juya ya shiga mota. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Auta ta bi motar da kallo har ta sha kwana.

“Baba, in mayar da kai ciki? Hadari na haɗowa.”

“Buɗe min lemar kawai,” ya ce. “Ki tafi, kar ki makara.”